Cigiyar Red Cross ga mai ɗan'uwa a tsare: inda take da ƙarfi da inda hannunta ya gaza

Wanda yaƙi ya raba shi da ɗan'uwa, shi ya samu ya tsallake zuwa wata ƙasa, ɗan'uwan kuwa yana can a sansanin tsare mutane ko ma ba a san inda aka kai shi ba, ƙofar farko da kowa ke nuna masa ita ce ta Red Cross. Shawara ce mai kyau, mu ma ita muke bayarwa. Sai dai yawancin masu shiga ofishin suna shiga ne da buƙata uku a ƙulle wuri guda: a gano shi, a sa a sake shi, a kawo shi inda muke. Hidimar ta ƙware a ta farko. A ta biyu tasiri take da shi, ba iko ba. A ta uku kuwa abin da ke hannunta takarda ce guda ɗaya, ita ma sai a ƙarshen tafiya ake ba da ita. Iyalin da ba su san haka ba tun ranar farko za su buɗe fayil su koma gida suna jiran gawon shanu, alhali wa'adin neman biza yana can yana ƙarewa a wani ofishin daban da ba wanda ya ambata musu.

A takardunsu ana kiran hidimar Restoring Family Links, wato maido da sadarwa tsakanin iyali. Cibiyarta ita ce Babbar Hukumar Cigiya ta Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa, ICRC, da ke Geneva, sai ofisoshin kwamitin a wuraren da ake yaƙi, sai ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent na ƙasashe 191. Tsohon aiki ne. An fara shi a Basel a 1870 lokacin yaƙin Faransa da Prussia, ya bunƙasa a Geneva daga 1914 da miliyoyin katunan sunayen fursunoni, kuma tun 1960 hukumar take amsa sunanta na yanzu. Mai cigiya ba Geneva zai rubuta wa ba. Ofishin Red Cross ko Red Crescent na ƙasar da yake zaune zai je, su ne za su tura fayil ɗin inda ya dace. Ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya kira waya da sunan Red Cross yana neman kuɗin fom, ko kuɗin mota, ko na sallamar mai gadi, ɗan damfara ne, kuma iyalan da suka baza hoton ɗan'uwansu da lambar waya a Facebook su ne irin waɗannan suka fi farauta.

Ranar buɗe fayil

Ba fom ake miƙa wa mutum ya cike ya tafi ba. Zama ake yi da jami'i, da tafinta in da buƙata, kuma abin da aka faɗa a zaman nan shi ne rabin nasarar cigiyar, don wanda zai fita nema a can bai taɓa ganin mutumin ba, takardar da aka aiko masa kaɗai ya sani.

Suna ne ya fi ba da wahala. A zo da shi cikakke yadda ake rubuta shi da haruffan ƙasarsu, na Larabci ne ko na Rasha ko na Habasha, sannan a kawo duk yadda aka taɓa rubuta shi da boko a fasfo, a katin makaranta, a katin rabon abinci. Yusuf guda yana iya zama Youssef a rajistar sansani, Yousif a ta asibiti, Jusuf a ta 'yan sanda, kuma magatakardan da ya rubuta a gaggauce yana iya mai da sunan kaka ya zama sunan yanka. A haɗa da laƙabi da inkiya, domin a cikin kurkuku da su ake sanin mutum. A haɗa da sunan uwa, wanda shi ne ke raba mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Ranar haihuwa kuwa, idan ba a tabbatar ba, a ce kusan shekara kaza, kada a ƙirƙira. Dubban 'yan gudun hijira takardunsu na ɗauke da 1 ga Janairu saboda wani jami'i ya cike gurbin da ya ga babu komai, don haka ranar ba ta bambanta kowa da kowa. Mafi muni, ranar da aka ƙirƙira yau ita ce za ta ci karo da wadda ke takardar haihuwa ran da aka je neman biza.

Daga nan sai ganin ƙarshe: wace rana, a ina, wa ya gani da idonsa, wane irin kaki masu kamun suka sa, wace irin mota, wane shingen bincike, su wa aka tafi da su tare. Wannan tambayar ta ƙarshe mutane kan raina ta, alhali wanda aka kama tare da mutum aka sako shi ya fi kowa sanin inda aka nufa da sauran. Za kuma a yi tambaya kan tabo, tsohuwar karaya, haƙorin da aka cire, tufafin da ya sa ranar. Ana yinta ne saboda neman yana bi har ta asibitoci da ɗakunan ajiye gawa. Jami'ai kan yi ta da ladabi, amma gara iyali su san tana tafe, kuma kada a bar uwa ta je zaman nan ita kaɗai.

Akwai wuraren sa hannu na amincewa da ya kamata a karanta a tsanake: ko an yarda a ba wasu ƙungiyoyi bayanin, ko a wallafa sunan, ko a miƙa shi ga hukumar da ake zargin ita ta kama mutumin. Na ƙarshen nan shi ne mai nauyi. Idan iyali suka yarda, ICRC takan rubuta wa hukumar cewa ga wani da aka ce kun kama rana kaza a wuri kaza, ina yake? Sau da yawa wannan tambayar kariya ce, don wanda aka san ana tambayarsa ya fi wuyar ɓatarwa. Amma idan mutumin ya ba masu kamun sunan ƙarya don ya ɓoye ƙabilarsa ko danginsa, ko kuwa ba a kama shi ba yana ɓoye ne, takardar tana iya tona masa asiri. Ba wanda ya san wannan sai iyali. A faɗa wa jami'i gaskiyar lamarin, shi kuma zai iya buɗe cigiyar ba tare da an je wa hukuma ba.

Kuskure biyu suna maimaita kansu. Na farko, 'yan'uwa uku a ƙasashe uku kowa ya buɗe nasa fayil da rubutun suna daban da labari daban, sai a yi ta neman mutum uku. Fayil ɗaya ya isa, sauran su ba da lambarsa. Na biyu, mai cigiya ya sauya gida ko layin waya bai sanar ba. Akan gano wanda ake nema a rasa mai neman.

A bakin ƙofar sansanin

Nan ne hidimar ta fi kowace ƙarfi, kuma babu wata ƙungiya da ke da abin da take da shi. A yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Geneva ta Huɗu ta 1949 ta ba wakilan ICRC 'yancin shiga duk inda ake tsare farar hula, a sashe na 143, kamar yadda sashe na 126 na ta Uku ya ba su kan fursunonin yaƙi. Yarjejeniyar ta ce wanda aka tsare a ba shi kati ya sanar da iyalinsa da Hukumar Cigiya cikin mako guda da isarsa, a bar shi ya aika aƙalla wasiƙa biyu da kati huɗu a wata, a kuma riƙa sake duba dalilin tsarewar lokaci lokaci. Kwamitin ba ya shiga sai an yarda da sharuɗɗansa: ya ga kowa, ya shiga kowane ɗaki, ya gana da wanda ya zaɓa ba mai gadi a kusa, ya rubuta sunaye, ya kuma dawo. Rubuta sunan nan da dawowar su ne zuciyar aikin. Shugaban sansanin da ya san za a dawo da jerin sunaye a kira ɗaya bayan ɗaya dole ya tanadi amsa kan duk wanda babu.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kariyar Yarjejeniya ta Huɗu ta waɗanda ke hannun ƙasar da ba tasu ba ce. Wanda gwamnatinsa ce ta tsare shi, ko ƙungiyar 'yan tawaye a yaƙin basasa, ba ya cikin wannan rukunin. A irin wannan yaƙin, sashe na 3 da yarjejeniyoyin huɗu suka yi tarayya a kai cewa ya yi ICRC tana iya miƙa tayin taimako, kuma tayi ana iya ƙin karɓarsa. Yawancin yaƙe-yaƙen yau irin wannan ne, haka ma yawancin zaluncin ƙabila da addini. Ko a yaƙin ƙasa da ƙasa ma akwai gwamnatocin da ke take dokar su rufe ƙofa. Don haka tambayar farko ga jami'i ita ce: kuna shiga wurin da muke zato yanzu, ko ba ku shiga? Amsar ita ce ke nuna ko cigiyar ta watanni ce ko ta shekaru.

Tarihin kwamitin kansa ya nuna girman wannan gibi. A Yaƙin Duniya na Biyu yarjejeniyar Geneva ta 1929 fursunonin yaƙi kaɗai ta shafa, daftarin kare farar hula da aka tsara a Tokyo a 1934 kuwa yaƙi ya riga shi. A Oktoba 1942 kwamitin ya yanke shawarar kada ya fito fili ya yi kira kan abin da ake yi wa farar hula, Yahudawa a kan gaba, kuma ranar 23 ga Yuni 1944 wakilinsa Maurice Rossel ya zaga Theresienstadt, sansanin da Jamus ta tsare Yahudawa a ƙasar Czech, bayan 'yan Nazi sun ƙawata wurin don ziyarar, ya rubuta rahoton da bai gano komai ba. Kwamitin ya amsa daga baya cewa ya gaza. Sharuɗɗan ziyara na yanzu an ɗaure su da ƙarfi ne don kada a sake irin wannan, sai dai ɗabi'ar yin shiru tana nan. Rahoton ziyara hukumar da ke tsarewa kaɗai ake ba, ma'aikatan ba sa ba da shaida a kotu, kuma kotun laifukan yaƙi ta tsohuwar Yugoslabiya ta tabbatar musu da wannan gata a 1999. Ga iyali, ma'anarsa ita ce za a ce musu an gan shi rana kaza yana raye, ba za a ce musu ko an doke shi ba. Yana da ciwo, amma shirun shi ne kuɗin shiga ƙofar.

Saƙon Red Cross ya cancanci a kalle shi da kyau, don a kansa ake yawan yin ɓarna. Takarda ce guda: wurin sunan mai aikawa da adireshinsa, wurin na mai karɓa, 'yan layuka na rubutu, sai wani ɓangare da aka bari don amsa. A buɗe take tafiya, babu ambulan, kuma mai tace wasiƙu na sansanin zai karanta ta kafin mai ita. Labarin iyali kaɗai aka yarda: wance ta haihu, wane ya warke, muna lafiya a gari kaza. Tun yaƙin basasar Sifaniya na 1936 ake amfani da saƙo mai kalma 25, har sashe na 25 na Yarjejeniya ta Huɗu ya ambaci adadin, kuma ko da fom ɗin yau ya fi faɗi, gajarta ta fi. Wanda ya rubuta cewa mun sami mafaka, mun fara shirin fito da kai, mun yi magana da wane zai biya, to ko dai saƙon ya maƙale a teburin mai tacewa ko ya jawo wa fursunan sababbin tambayoyi. A rubuta da hannun wanda ya san rubutunsa, a saka wani ƙaramin abu da 'yan gida kaɗai suka sani, don shi ma yana tsoron tarko. Amsar da ta dawo da rubutun hannunsa da kwanan wata a adana ta, a ɗauki hotonta. Za a neme ta nan gaba.

Idan wanda ake nema ba a tsare yake ba, aka kuma same shi, sai an tambaye shi kafin a faɗi inda yake. In ya ce a'a, ba za a ba da adireshinsa ba ko da uwarsa ce ke nema. Tsarin daidai ne, don ba duk mai cigiya ne mai alheri ba. Haka shafin Trace the Face, da aka buɗe a 2013 saboda masu ƙaura zuwa Turai, hoton mai nema yake wallafawa, ba na wanda ya ɓata ba, kuma hotunan ƙananan yara ba a sakin su a fili.

Ƙorafin da ya fi yawa, kuma mai tushe, shi ne shiru. Ofisoshi da dama ba sa kiran iyali sai akwai sabon abu, sai a yi watanni kamar an shuka dusa. Maganinsa a riƙe lambar fayil, a riƙa tuntuɓa lokaci lokaci, a kuma kai duk wani sabon bayani da ya ɓullo, ko jita-jita ce daga bakin wanda aka sako.

Saki kuwa ba a hannun kwamitin yake ba. Ba ya biyan fansa, ba ya kai ƙara, ba ya tsayawa wa mutum lauya. Yakan roƙi a saki marar lafiya, tsoho, yaro ko mai ciki, kuma sashe na 132 na Yarjejeniya ta Huɗu ya ƙarfafa ɓangarori su yi yarjejeniya kan irin waɗannan, har da kai su ƙasar da ba ta cikin yaƙin. Idan ɓangarorin suka shirya da kansu, shi ne ke jigila, kamar a Yaman a Oktoba 2020 da ya kwashe fursunoni 1,056 cikin kwana biyu. A irin wannan jigilar yakan gana da kowa a keɓe ya tabbatar yana son komawa inda za a kai shi. Ga wanda ke tsoron gida, wannan ganawar ita ce damar da zai faɗi haka.

Inda fayil ɗin cigiya ya tsaya

Mai son fahimtar yadda takardu ke kashe mutum ya dubi kudancin Faransa a 1941. A Oktoba 1940 an kwaso Yahudawa kusan 6,500 daga Baden da Palatinate na Jamus aka zube su a sansanin Gurs. Mai ɗan'uwa a Amurka yana iya fita, amma sai ɗan'uwan ya aiko takardar rantsuwar ɗaukar nauyi, sai lambarsa ta fito cikin kason bizar da Amurka ta ware wa Jamus da Ostiriya na mutum 27,370 a shekara, sai an mai da shi sansanin Les Milles don ya iya zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Marseille, sai bizar Amurka mai wata huɗu, sai tikitin jirgin ruwa daga Lisbon, sai izinin ratsa Fotugal, sai na Sifaniya, sai izinin fita na Faransa. Kowace takarda tana jiran wata, kuma kafin ta ƙarshe ta fito ta farko ta mutu. Ƙungiyoyi irin su HICEM, mai taimaka wa Yahudawa masu ƙaura, ne suka yi ta fama da wannan sarƙar. A tsakiyar 1941 Amurka ta ƙara tsauri kan masu dangi na kusa a yankunan da Jamus ta mamaye, a Agusta 1942 kuma jiragen ƙasa suka fara kwasar mutanen Gurs da Les Milles zuwa sansanin Drancy kusa da Paris, daga nan sansanin kisa na Auschwitz, cikinsu har da waɗanda takardunsu suka kusa kammala.

Sarƙar ba ta canja siffa ba, sunayen ofisoshin ne suka canja, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da fayil ɗin Red Cross ke buɗewa. Agogon yana farawa ne daga ranar da wanda ke waje ya sami matsayinsa. A Tarayyar Turai, ban da Denmark da Ireland, dokar haɗa iyali ta 2003 ta yafe wa ɗan gudun hijira sharaɗin albashi da girman gida, amma ta bar wa ƙasashe damar janye wannan sauƙin idan bai nema ba cikin wata uku. Jamus tana amfani da wa'adin, kuma ana iya tsayar da shi da gajeriyar sanarwa ta intanet. A Amurka fom ɗin I-730, na neman kawo mata ko miji da 'ya'ya, cikin shekara biyu ake shigar da shi. A Kanada akwai wa'adin shekara ɗaya ga matar ko 'ya'yan da aka bari a baya, da sharaɗin an rubuta sunansu a takardar neman tun farko. Wannan sharaɗin ya kamata ya hana kowa barci: a hirar neman mafaka a lissafa kowa, har wanda ba a san ko yana raye ba. Wanda ya bar sunan matarsa don yana ganin ta mutu, ko don wani ya ce masa fayil ɗin gwauro ya fi sauri, ran da Red Cross ta kawo masa saƙonta zai tarar ya rufe mata ƙofa da hannunsa. Kada a jira a gano mutum kafin a tsayar da wa'adi. A shigar da buƙatar, a rubuta cewa yana tsare ko ana cigiyarsa.

Sai batun wanene iyali. Red Cross takan karɓi cigiyar wa, ƙane, kawu, kaka. Dokokin biza kuwa mata ko miji suka sani, da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba, ko 21 marasa aure a Amurka, sai iyayen yaron da ya isa shi kaɗai. Dokar Turai ba ta yarda da mata ta biyu ba idan ta farko tana tare da mijin. Yaron da ya cika 18 ana cikin jira yana iya faɗowa daga layi, ko da yake kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2018 cewa yaron da ya nemi mafaka yana ƙarami ana lissafa shekarunsa ne daga ranar da ya nema. Masu ƙaramar kariya, wadda ba cikakken matsayin ɗan gudun hijira ba, dokar 2003 ba ta shafe su ba sam. Jamus ta ƙayyade musu biza 1,000 a wata daga Agusta 2018, a 2025 kuma ta dakatar da ita na shekara biyu. Ga wa ko ƙane ko ɗa baligi, hanyar da aka fi sani ita ce ɗaukar nauyi na 'yan ƙasa da Kanada ke yi tun 1979, inda mutum biyar ke haɗuwa su ɗauki nauyin shekara guda, da sharaɗin wanda za a kawo yana da takardar shaidar gudun hijira. Ita ma an dakatar da karɓar sababbin buƙatu daga rukunin mutum biyar a ƙarshen 2024. Dokokin nan suna juyawa da sauyin gwamnati, don haka a tabbatar da halin da ake ciki a makon da za a nema. Wasu ƙungiyoyin Red Cross na ƙasashe, irin ta Jamus, suna ba da shawarar doka kan haɗa iyali a ofishin cigiyar kansa. Wasu ba sa yi, kuma ba lallai su faɗa ba sai an tambaya. Wannan rashin daidaito tsakanin ƙasa da ƙasa shi ne babban aibin hidimar a wurinmu.

Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ba ta cike gibin. A yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ɗan gudun hijira shi ne wanda ya riga ya fita daga ƙasarsa, sake tsugunarwa a wata ƙasa ta uku ta hannun hukumar kuwa ba a cike fom a neme ta, kuma ƙasa da kashi 1 cikin 100 ke samunta a shekara. Ga shi ofisoshin jakadanci su ne farkon masu rufewa in yaƙi ya ɓarke, alhali hira da ɗaukar zanen yatsu sai mutum ya je da ƙafarsa. Wato wanda aka sako dole ya kai kansa maƙwabciyar ƙasa tukuna. ICRC takan yi jigilar haɗa iyali da kanta, amma galibi ga yaran da ba su tare da kowa da tsofaffi da marasa lafiya, bayan ɓangarorin biyu da hukumomi sun amince.

Takardu biyu na kwamitin suna da amfani a wannan matakin. Ta farko shaidar tsarewa ce, wadda ake ba wanda wakilai suka gani suka yi masa rajista. Tana faɗin inda aka gan shi da ranakun, ba ta faɗin dalilin kamun ko abin da aka yi masa, kuma da sunan da ya bayar a sansanin take fita. In sunan ƙarya ne, a bayyana haka tun a hirar farko kafin jami'in biza ya gano da kansa. Buɗe fayil ɗin cigiya shi kaɗai ba hujja ba ce a kotun mafaka, don maganar iyali ce aka rubuta. Inda takardun haihuwa suka ƙone, ofishin jakadanci yana iya neman gwajin ƙwayoyin halitta. Kafin a ba da samfur a faɗi duk yaron da riƙo ne ko agola, domin sakamakon da ya saɓa wa abin da aka rubuta yana iya rusa fayil ɗin gidan gaba ɗaya.

Ta biyu ita ce takardar tafiya ta gaggawa, wadda ake bayarwa tun 1945 ga wanda ba shi da fasfo kuma ba zai iya neman na ƙasarsa ba. Tafiya ɗaya ce, zuwa ba dawowa, wa'adinta gajere, kuma ba katin shaida ba ce. Ba a ba da ita sai ƙasar da za a je ta yi alkawarin biza, ƙasar da ake ciki kuma ta yarda da fita. Masu ganin tsaurin ya yi yawa su tuna cewa da irinta Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara kwasar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, ya bar Genoa ta Italiya zuwa Ajantina a 1950 da sunan Ricardo Klement. Ba kowace ƙasa ke karɓarta ba, don haka kafin a sayi tikiti a tabbatar da ƙasar da jirgi zai yada zango, a kuma sanar da kamfanin jirgin, saboda ma'aikacin da bai taɓa ganin takardar ba yana iya hana shiga. Izinin fita shi ne mai cin lokaci, musamman inda ake bin tarar wuce wa'adin zama. A jera ranakun mutuwar takardu duka a shafi ɗaya, har da gwajin likita, wanda a Kanada wata 12 yake, a fara bin wadda ta fi jinkirin fitowa, a bar mai gajeren rai zuwa ƙarshe.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye wa mai shirin ba da bayanan danginsa ba. A Janairu 2022 ICRC ta sanar cewa an yi kutse a na'urorin da ke ɗauke da bayanan wannan hidimar, na mutum fiye da 515,000, daga ƙungiyoyin ƙasa aƙalla 60, ciki har da na waɗanda ke tsare da iyalansu. Ta fito ta faɗa da kanta, ta rufe na'urorin na wani lokaci, wanda ya jinkirta aikin. Wannan bai isa ya hana buɗe fayil ba, amma ya isa ya sa a tace abin da ake faɗa. Sunan wanda ya ɓoye mutumin a gidansa, ko hanyar da aka bi aka tsallake iyaka, idan ba za su taimaka wa neman ba, ba sai sun shiga takarda ba. Ran da ɗan'uwan ya sauka, ko aka same shi ta wata hanya, a koma ofishin da lambar fayil a ce a rufe, don fayil ɗin da aka bari a buɗe yana iya sa a ci gaba da kai sunansa gaban hukumar da ya gudo daga hannunta, ga shi kuma akwai sauran dangi a can.